Dokin Ƙarfe Na Hawan Duwatsu: A Auna Kafin A Biya

 Maganarmu ta wannan mako a kan keke take, wanda iyayenmu ke kira basukur, waɗansu kuma su ce dokin ƙarfe. Amma ba irin Raleigh ɗin nan mai kariya da ƙararrawa da aka saba zuwa kasuwa da shi muke nufi ba. Wani iri ne dabam da aka ƙera musamman domin hanyar duwatsu da kwazazzabai da burji, mai faffaɗar taya da giya da yawa.

Dalilin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne, irin waɗannan kekuna suna zuwa cikin kayan gwanjo daga ƙasashen waje, samari kuma sun raja'a a kansu, har waɗansu kan aika a sayo musu firam tsura, su zo su haɗa da kansu. Galibinsu kuwa launin fenti suke dubawa da sunan da aka rubuta a jiki, ba su auna kome ba. Sai an biya kuɗi, an yi wata guda ana hawa, sa'an nan baya ya fara ciwo, wuya ya sage, gwiwa ta ɗauki zogi, ran nan kuma a gangare mutum ya wuntsila ta saman kan keke. To, riga in ta yi wa mutum yawa ya kai wa tela a rage. Firam kuwa in ya yi maka yawa ko ya yi maka kaɗan, babu telan da zai gyara shi. Saboda haka, tun ran gini ran zane.

Fasali na farko: asalin abin

Ka sani, ya kai mai karatu, wannan irin keke bai daɗe a duniya ba. A ƙasar Amurka aka fara shi, a wani yanki da ake kira Marin cikin jihar Kalifoniya, a shekarun 1970. Waɗansu samari ne suka riƙa tsinto tsofaffin kekunan Schwinn na shekarun 1930, masu nauyi da kaurin taya, su kai su saman tudu, su gangaro a guje. Ran 21 ga Oktoba 1976 suka yi tserensu na farko a wata hanyar daji kusa da garin Fairfax. Sunan da suka sa wa hanyar Repack, watau sake cusawa, domin kuwa duk wanda ya gangaro, zafin birki kan ƙone giris ɗin da ke cikin cibiyar wilin baya, tilas ya kwance ya cusa wani.

Da tsofaffin firam suka dinga karyewa, sai ɗaya daga cikinsu, Joe Breeze, ya zauna a 1977 ya ƙera sabo fil domin wannan aiki. Keken nan nasa yana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian a birnin Washinton. A 1979 Gary Fisher da Charlie Kelly suka fara sayar da kekuna waɗanda Tom Ritchey ke ƙera musu firam. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, wanda aka ƙera da yawa a Jafan, abu ya bazu cikin duniya, har ya shiga wasannin Olamfik a Atlanta a 1996. Duk waɗancan kekuna na farko kuwa na ƙarfe ne.

A 1989 kamfanin RockShox ya fito da fok mai sifirin wanda ke shanye gargada, daga nan kekunan dutse suka rabu gida biyu. Akwai mai sifirin gaba da baya, akwai kuma mai sifirin a gaba kaɗai, bayansa a sandare. Wannan na biyu Turawa ke kira hadtel, watau mai taurin wutsiya, shi ne kuma abin zancenmu yau. Ya fi araha, ya fi sauƙin gyara, ba shi da mahaɗai da boris da yawa waɗanda ƙura za ta cinye.

Fasali na biyu: don me ƙarfe?

Yau ana ƙera firam da alminiyam, wanda maƙeran tukwane ke kira sanholo, ana yi da zaren kabon, ana yi da titaniyam. To, me ya sa har yanzu masana da yawa ke komawa ga ƙarfe? Ga dalili. Ƙarfe ya ninka alminiyam nauyi kusan sau 3, ya kuma ninka shi tauri kusan sau 3. Shi ya sa kake ganin bututun ƙarfe siriri, na alminiyam kuwa kakkaura, domin sai an faɗaɗa shi kana ya yi tauri. Har wa yau ƙarfe yana da wata falala: in lanƙwasar da ake yi masa ba ta wuce wani haddi ba, yakan jure ta shekara da shekaru. Alminiyam ba shi da wannan haddi, kowace girgiza tana ɗan rage masa kwana, don haka maƙera ke ƙara masa nama. Sa'an nan ƙarfe galibi yakan lanƙwashe ko ya tsage sannu a hankali kafin ya rabu, watau yana yi wa mai shi gargaɗi. Uwa uba, yana karɓar gyara.

Amma fa kada a ɓoye aibinsa. Firam ɗin ƙarfe mai kyau yakan kai kilo 2 da ɗoriya zuwa 3, ya fi takwaransa na alminiyam da rabin kilo ko kilo guda. Yana kuma tsatsa. Maganar da masu talla ke yi cewa ƙarfe ya fi laushin hawa, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma kaɗan ne. Abin da ya fi kawo laushi shi ne faɗin taya da yawan iskar da ka sa mata.

Kuma ba kowane ƙarfe ne ɗaya ba. Na ƙasa shi ne wanda ake liƙa wa takarda mai rubutun Hi-Ten, kaurin jikinsa ya yi yawa, nauyi gare shi kamar turmi. Na sama da shi kuromoli, wanda lambarsa 4130: ƙarfe ne da aka gauraya da kabon kimanin kashi 0.3 cikin 100, da kuromiyam kimanin kashi 1, da molibdenam kimanin kashi 0.2. Wannan ɗan gauraye shi ke ƙara masa ƙarfi, har a iya rage kaurin jikinsa ba tare da ya karye ba. Tun a 1897 kamfanin Reynolds na birnin Bamingam a Ingila ya ƙago dabarar bututu mai kauri a bakuna biyu, inda ake walda, siriri a tsaka, inda wahala ba ta da yawa. Za ka ga an rubuta 0.9, 0.6, 0.9, watau kaurin jikin bututun ke nan da milimita. Shi wannan kamfani ya fito da bututu mai lamba 531 a 1935, da mai lamba 853 a 1995, wanda wurin waldarsa ke ƙara ƙarfi in ya huce cikin iska. Akwai kuma Columbus na Italiya da Tange na Jafan, duk sanannu ne.

Abin lura a nan, tsadar bututu ba ta ƙara masa tauri, ƙarfi take ƙara masa, sai a sirance shi ya yi shafal. Wanda aka sirance ƙwarai kuwa ya fi saurin lotsawa in dutse ya buge shi. Saboda haka ga mai hawan yau da kullum, kuromoli mai kaurin baki ya isa, ba sai ya sayar da akuya ya nemi mai lamba 853 ba.

Fasali na uku: ka fara auna kanka

A da, da tsawon bututun sirdi ake faɗin girman firam, a ce inci 15, ko 17, ko 19, ko 21. Yanzu haruffa ake sawa: S ƙarami, M matsakaici, L babba, XL mafi girma. Amma fa ka sani babu wata hukuma da ta daidaita waɗannan haruffa. M na wannan kamfani yana iya zama L na wancan, kamar yadda mudun wannan kasuwa ya bambanta da na waccan. Wanda ya dogara ga harafi kaɗai ya sayi kaya cikin buhu.

Awo 3 za ka yi wa kanka. Na farko tsawonka, ba takalmi, ka jingina da bango. Na biyu tsawon ƙafa: ka sa littafi mai taurin bango tsakanin cinyoyinka, ka tura shi sama har ya matsa kamar sirdi, wani ya auna daga bakinsa na sama zuwa ƙasa. Na uku gabanka, watau ka buɗe hannuwa biyu a auna daga ƙarshen yatsa zuwa ƙarshen yatsa. Ka rubuta duka da santimita.

Fasali na huɗu: sa'an nan ka auna firam

Awo biyu ne ginshiƙin al'amarin. Na ɗaya Turawa na ce masa ric, mu mu kira shi miƙa. Na biyu suna ce masa sitak, mu kira shi tashi. Dukansu daga cibiyar feda ake ɗaukar su zuwa saman maƙogwaro, watau gajeren bututun nan na gaba wanda fok ke ratsawa. Miƙa ita ce nisan da ke tsakaninsu a kwance, tashi kuwa nisan da ke tsakaninsu a tsaye. Abin da ya sa miƙa ta fi kome muhimmanci shi ne, mai keken dutse a wurin haɗari ba a zaune yake ba, a tsaye yake bisa feda. In ya miƙe, sirdi ya fita daga lissafi, ba abin da ya rage sai nisan ƙafarsa da hannunsa.

Maƙera na ƙwarai suna buga waɗannan lambobi cikin takardar awon kowane firam. In babu takarda, ga dabara. Ka tsai da keken a miƙe bisa shimfiɗaɗɗen siminti, tayar baya ta taɓa bango. Ka auna daga bango zuwa tsakiyar cibiyar feda, ka auna daga bango zuwa tsakiyar saman maƙogwaro, ka ɗebe na farko daga na biyu, abin da ya saura ita ce miƙa. Haka kuma ka auna tsayin kowannensu daga ƙasa, bambancin shi ne tashi.

A firam na zamanin nan, abin da aka fi gani shi ne kamar haka, bisa kintace. Mai tsawon santimita 160 zuwa 168, miƙa wajen milimita 425. Mai 168 zuwa 178, wajen 450. Mai 178 zuwa 186, wajen 475. Wanda ya wuce haka, 500 ko abin da ya yi kusa. Wannan mafarin bincike ne kawai, jikinka shi ne alƙali.

Bari mu buga misali. Ga mutum mai tsawon santimita 177, ƙafarsa 82, gabansa 175. Ga firam biyu a gabansa, M mai miƙa 450, da L mai miƙa 475. Tsawonsa ya ajiye shi a kan iyaka. To, sai a dubi gabansa: tun da bai kai tsawonsa ba, hannuwansa gajeru ne, M ya fi dacewa da shi. Da a ce gaban ya zarce tsawon da santimita 4 ko 5, sai a ce ya gwada L. Sa'an nan a dubi hanyar da zai riƙa bi. Gajeren firam ya fi saurin juyawa a ƙunci, ya fi sauƙin ɗaga gaba a tsallake rami. Dogo ya fi natsuwa a gangare da gudu.

Sai tsayin sirdi. Akwai ƙa'ida da aka sani da sunan Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci tseren Faransa sau 3: a ninka tsawon ƙafa da 0.883. Ga mutumin namu, 82 sau 0.883 ya ba da santimita 72 da 'yan kai, daga cibiyar feda zuwa saman sirdi. Wanda ba ya son lissafi, ya zauna ya ɗora diddige bisa feda tana can ƙasa. In ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba, an dace. Sirdin da ya yi ƙasa yakan jawo ciwo a gaban gwiwa, wanda ya yi sama kuwa a bayanta.

Daga nan sai a dubi bututun sirdi. Kekunan yanzu ana sa musu sandar sirdi mai nutsewa, wadda in ka danna maɓalli take sauka a gangare, ka sami wurin ja da baya. Mai nutsewa milimita 150 tana bukatar fili wajen 200 ko fiye a saman bututu, ban da kaurin sirdin kansa wajen 45. Mutumin namu tsayin sirdinsa 724. In bututun M 420 ne, saura 304, fili ya wadata. In na L 460 ne, saura 264, da ƙyar ta shiga. Ka ga ashe lissafin nan ma ya goyi bayan M. Kuma kowace sandar sirdi tana da zane a jikinta wanda bai halatta ya fito waje ba. Wanda ya zaro ta fiye da nan domin firam ya yi masa kaɗan, ya kusa tsaga bututun.

Abu na ƙarshe a nan, ka tsaya da keken tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa biyu a ƙasa. Lalle ne a sami tazara tsakaninka da sandar sama, santimita 5 ko fiye. Wanda ya taɓa dirowa ba shiri a kan dutse ya san dalili, ba sai an faɗa ba.

Mai sayarwa yana iya ce maka, "Malam, ɗauka kawai, ai a wuya ake gyarawa." Gaskiya ne ana iya sauya wuyan da ke riƙe kan keke, amma gyaransa bai wuce milimita 10 zuwa 15 ba. Firam na yanzu an tsara shi domin gajeren wuya, milimita 35 zuwa 50, da faffaɗan kai, 740 zuwa 800. In ka sa wa ƙaramin firam wuya mai 90, nauyinka ya rinjaya gaba, wuntsilawa ta matso. In firam ya yi maka tsawo kuwa, ba ka iya danne wilin gaba, sai ya zame a kwana. Haka nan zobban da ake sawa ƙarƙashin wuya don ɗaga kai, kowane milimita 10 yana rage miƙa da wajen 4. Don haka mai son zama a miƙe ya nemi firam mai tashi da yawa tun farko.

Fasali na biyar: kusurwa da fok da wili

Kusurwar maƙogwaro ita ke nuna halin keke. A shekarun 1990 digiri 71 aka saba, da wuya mai tsawon milimita 120 ko fiye. Yanzu 64 zuwa 67 aka fi yi. In lambar ta ragu, wilin gaba ya yi nisa da mahayi, keke ya natsu a gangare, amma ya yi nawa a ƙaramar kwana. Saboda wannan, kada ka gwama awon firam ɗin 1995 da na yau, kowanne da zamaninsa. Tsohon firam na kuromoli abin kirki ne ga hanyar gona da ta kasuwa, amma ba a nema masa miƙar 475 ba.

Kowane firam kuma akwai tsawon fok da aka tsara masa, galibi mai nutsewa milimita 100 zuwa 140. Ƙarin milimita 20 yana kwantar da maƙogwaro da wajen digiri 1, ya kuma ɗaga cibiyar feda. Wanda ya sa wa tsohon firam dogon fok ya ɗora wa maƙogwaro kayan da ba a yi shi dominsa ba.

Wili iri 3 ne: inci 26, da 27.5, da 29. Faɗin rim ɗinsu milimita 559, da 584, da 622. A nan a yi hattara, tayar tsohon basukur mai lamba 28 da 1½ faɗinta 635 ne, ba ta hawa rim ɗin 29, ko da yake lambobin sun yi kusa. Kafin ka sayi firam, ka tambayi masu kayan keke na garinku wace taya ke samuwa. Haka nan ka san faɗin mazaunin wilin baya, ko 135 ne, ko 142, ko 148, da kaurin sandar sirdi, ko 27.2, ko 30.9, ko 31.6. Cibiyar feda mai zare ta fi wadda ake dannawa sauƙin gyara. Matambayi ba ya ɓata.

Fasali na shida: in na gwanjo ne

Ka tafi da maganaɗisu, da zare, da ma'auni. Maganaɗisu in ya kama, ƙarfe ne. Takardar da aka liƙa tana iya yin ƙarya, sikeli ba ya yi, don haka ka auna nauyi. Ka shafa ƙarƙashin sandar ƙasa dab da maƙogwaro. In ka ji tudu ko ka ga fenti ya yamutse, keken ya taɓa yin karo, ka bar shi. Ka ɗaura zare a kunnen baya na hagu, inda wili ke zama, ka zagayo da shi ta maƙogwaro zuwa kunnen dama, ka auna tazarar zaren da bututun sirdi a gefe biyu. In bambancin ya wuce milimita 2 ko 3, firam ya karkace. Ka kwance sandar sirdi ka ga ko tana fita, ka leƙa cikin bututu. Tsatsar sama ba kome ba ce, wadda ta yi ɓawo ko ta huda ita ce mugu, musamman a cinyoyin baya kusa da cibiyar feda. Ka duba lambar da aka buga a ƙarƙashin cibiyar, a rubuta maka ita cikin rasit, kada araha ta kai ka ga sayen kayan sata.

In ka saya, ka zuba ɗan mai cikin bututu ka jujjuya, ka shafa wa sandar sirdi giris kafin damina, kada kuma ka bar ruwa ya kwana a ciki. In wata rana ya tsage, kada ka kai shi ga mai waldar ƙofa da taga. Bututun da kaurinsa bai kai milimita 1 ba, wutar lantarki mai sanda hudawa take yi. Ka nemi gwanin waldar gas da tagulla, ko mai waldar argon.

Ƙarshen magana dai, jama'a, gani ya kori ji. In da hali, ka hau kafin ka biya, ka miƙe bisa feda, ka yi kwana, ka taka birki, ka ji ko gwiwar hannunka tana da sauran lanƙwasa. Firam na ƙarfe da ya dace da jikin mai shi yakan yi shekara 20 ko 30 ana hawa, har ɗa ya gada. Wanda bai dace ba kuwa, kome kyaun fentinsa, ƙarshensa jingina a zaure. Sayen nagari, mai da kuɗi gida.